Ƙananan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi karɓa: in tilasta musu ko in nemi wata hanya?

Mai Shagon Buga Takardu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Zariya, kuma ina aiki da ƙananan kwamfutoci huɗu samfurin HP EliteDesk 800 G2 Mini, irin waɗanda ake iya ɗaurewa a bayan allo, kowace da firosesa Core i5-6500T da ram gigabait 8 da SSD. Dukkansu Windows 10 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina aika wa gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Da na nemi ɗaukaka su zuwa Windows 11, sai aka ce ba su cika sharaɗi ba, domin firosesarsu zubi na shida ce alhali ana son na takwas zuwa sama, sannan TPM ɗinsu, wato ɗan guntun tsaro da ke cikin na'urar, 1.2 ne ba 2.0 ba. Aikina bai wuce Word da CorelDraw da firinta biyu ba, sai kuma shafukan rajista inda kwastomomi ke shigar da lambar katin bankinsu, kuma wannan na ƙarshe shi ne yake hana ni sakewa. Ba ni da ƙarfin canza guda huɗu a lokaci ɗaya. Wanda ya taɓa tilasta Windows 11 a kan irin wannan na'ura, yaya ta kasance bayan wata shida ko shekara?

Ɗan Linux:
Wa alaikumus salam. Malam, ka rabu da wannan wahala gaba ɗaya ka ɗora Linux Mint a maimakon Windows. Kyauta ce, ba ta tambayar TPM, kuma zubi na 22 yana da tallafi har zuwa 2029. A kan irin na'urarka za ta yi gudu fiye da abin da kake da shi yanzu.

Baban Hafsat:
Ɗan'uwa, mutumin nan ya ce da CorelDraw yake cin abinci, kuma CorelDraw ba ta da zubin Linux. Na san za ka ce akwai Inkscape da LibreOffice a madadin CorelDraw da Word, amma duk wanda ya taɓa buɗe kundin ɗalibi mai shafi ɗari a wata manhaja daban, ya ga teburori sun goce kuma lambobin shafi sun canza wuri, ba zai sake gwadawa a gaban kwastoma ba.

Mai Gyara na Kano:
Alhaji mai shago, wannan aikin kusan kullum muna yin sa. Ka sauke Windows 11 daga shafin Microsoft, tana da nauyin sama da gigabait 5, ka nemi filash mai aƙalla gigabait 8, ka rubuta ta da manhajar Rufus. Da ka danna maɓallin farawa za ta fito maka da zaɓuɓɓuka, sai ka sa alama a kan wanda ke cire sharaɗin TPM da ram da Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhajar da kwamfuta ke tashi da ita. Irin na'urarka ta ofis galibi tana da lasisinta, saboda haka da ta hau intanet za ta tabbatar da kanta. Na ɗora wa masu zubi na shida da na bakwai da yawa, kuma gyaran tsaro na wata-wata yana shigo musu. Idan ba ka son yi da kanka, naira dubu uku muke karɓa kowace ɗaya.

Uwar Ɗakin Madannai:
Dubu uku? A wurinmu dubu goma na biya, kuma har yau ban gama biyan abin da ya biyo baya ba. Ku yi haƙuri da tsawon labarin. Ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu kusa da wata jami'a, kuma ina da ƙaramar kwamfuta mai zubi na bakwai, wadda take da TPM 2.0 amma firosesarta ba ta cikin jerin da aka amince da shi. Na kai wa wani yaro mai gyara da aka yaba mini, ya ɗora Windows 11, ya dawo mini da ita tana aiki lafiya lau. Abin da bai gaya mini ba shi ne, lokacin da ta nemi asusun Microsoft, sai ya buɗe wani sabo a nan take, da adireshin imel da kalmar sirri da shi kansa bai rubuta a ko'ina ba.

Ana nan sai wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ya ƙone. Hankalina bai tashi ba, domin na san SSD ɗin lafiyarsa ƙalau. Da aka cire shi aka sa a wata na'ura, sai wani shuɗin shafi ya fito yana neman mabuɗi mai lambobi 48 na BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa faifan ajiya, da ɗan akwatin da za a rubuta su. Ashe tun ranar farko duk abin da ke ciki a kulle yake, kuma mabuɗin yana cikin wancan asusu da yaron ya buɗe. Na neme shi, aka ce ya bar shagon. Da na same shi a waya, sai ya ce shi kwamfutoci nawa ya yi wa haka, ta yaya zai tuna tawa.

A ciki akwai kundin wata ɗaliba mai digiri na biyu da ya rage mata kwanaki ta miƙa. Ta zauna a kan bencin shagona da tsohon kwafin da malaminta ya cika da jan biro, tana karanto mini gyare-gyaren ina bugawa daga farko, ban karɓi ko sisi ba. Na wasu ɗaliban kuwa, waɗanda ba su ajiye kwafin takarda ba, sai haƙuri na ba su, wasu suka karɓa, wasu har yau ba sa gaishe ni. Saboda haka, ɗan'uwana, ni ban ba ka shawarar ka taɓa wannan abu ba.

Baban Hafsat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Ni ma an taɓa goge mini hotunan bikin kwastoma a wajen fomatin, amma bai kai wannan ba.

Injiniya:
Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai a raba magana biyu, domin abin da ya same ki ba shi da alaƙa da cewa na'urar ba ta cika sharaɗi ba; zai iya faruwa ko da sabuwa ce fil daga kwali. Tun daga zubin 24H2, idan aka ɗora Windows 11 daga farko a kan na'ura mai TPM da Secure Boot kuma aka shiga da asusun Microsoft, tana iya kulle faifan ajiya da kanta ta aika mabuɗin cikin asusun. Laifin yaron ne, kuma a cikin zaɓuɓɓukan Rufus ɗin da aka ambata akwai wanda ke hana wannan kullewa.

Ainihin matsalar na'urar da ba ta cika sharaɗi ba wata ce daban, kuma mai gyara bai faɗe ta ba. Gyaran wata-wata yana shigowa, gaskiya ne, amma babban zubi na shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane zubi na Home da Pro wata 24 kawai ake tallafa masa. Zubin 23H2 ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba, 2025, ke nan duk wanda aka ɗora wa shi aka sallame shi, yanzu yana zaune ba gyaran tsaro, yana ganin ya tsira. Sannan Microsoft ta faɗa a fili cewa irin waɗannan na'urori ba ta yi musu alkawarin sabuntawa ba. Da 24H2 ta zo da buƙatar SSE4.2, wani rukunin umarni da dole firosesa ta iya aiwatarwa, tsofaffi irin su Core 2 Duo ba ma sa tashi da ita, duk dabarar da aka yi. Zubi na shida ya tsallake wannan, amma hakan ya nuna ana iya rufe ƙofa kowane lokaci.

Mai Gyara na Kano:
Injiniya, ranka ya daɗe, mu ba mu da takardar shaida, amma abin da kake karantawa a shafi mu da sukudireba muke ganinsa. Idan sabon zubi ya fito, a sake rubuta filash a ɗora a kan tsohon ba tare da an goge komai ba, aikin awa ɗaya ne. Mutum yana da na'ura mai lafiya, sai a ce ya jefar saboda wani jeri da aka rubuta a Amurka?

Injiniya:
Ban ce ya jefar ba. Na ce ya san cewa aikin ba na rana ɗaya ba ne, kuma kai za ka karɓi dubu uku ka manta da shi, shi kuwa kwastomominsa za su ci gaba da shigar da lambar kati a kai.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Ina neman afuwar manya. Na ga ana cewa idan an tilasta Windows 11 garantin na'ura ya lalace. Shin haka ne?

Baban Hafsat:
Ƙanina, na'urar da ta yi shekara kusan goma, ta yi ritaya daga wani ofis a Ingila, ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas, garantinta shi ne ka kunna ta a gaban mai shago kafin ka ba shi kuɗi. Da ka taka bakin titi ya ƙare.

Malamin Makaranta:
Ban ga wanda ya ambaci hanya ta uku ba. Microsoft ta fito da shirin tsawaita gyaran tsaro na Windows 10 ga wanda ke kan zubin 22H2, wanda a 2025 ta sanar cewa zai kai 13 ga Oktoba, 2026. Ga masu amfanin kansu dala 30 ce, kuma asusu ɗaya yana ɗaukar na'urori har 10, sannan ana iya samunsa kyauta idan mutum ya yarda a ajiye saitunansa a asusun Microsoft. Na yi wa ta gidana haka ban biya komai ba. Wannan zai ba ka lokaci ka riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya. Na ga mai zubi na takwas a naira dubu ɗari da saba'in.

Injiniya:
Malam, a lura cewa wancan na masu amfanin kansu ne. Na kamfanoni dala 61 ne a shekarar farko, kowace na'ura.

Mai Gyara na Kano:
Dubu ɗari da saba'in kuma a ina, Malam? A makon nan na sayar da HP G4 mai i5-8500T, wato zubi na takwas, a dubu ɗari biyu da talatin, ba allo ba madannai.

Uwar Ɗakin Madannai:
Ni kuwa dubu ɗari da hamsin na sayi wadda ta maye gurbin tawa, kuma an rantse mini zubi na takwas ce.

Mai Gyara na Kano:
Hajiya, ki duba lambar firosesar tukuna. Idan ta fara da 6 ko 7 bayan i5, to an sake sayar miki da irin wadda ta ƙone. Tambarin da ke jikin akwatin Core i5 kawai yake cewa, kuma wasu 'yan kasuwa da shi suke fakewa.

Mai Shagon Buga Takardu:
Na gode ƙwarai da duk wanda ya tanka. Sai dai har yanzu ban ji daga wanda ya yi amfani da ita shekara guda a wurin sana'a ba, musamman game da direbobin firinta, domin ɗaya daga cikin nawa tsohuwa ce.

Baban Hafsat:
Kafin a kai ga firinta, ni abin da ya tsaya mini a labarin Hajiya shi ne ƙonewar allon. Hajiya, da wace adafta kike amfani? Yawancin ƙananan kwamfutocin nan suna shigowa ba tare da adaftarsu ta asali ba, sai a haɗa wa mai saye da ta jabu, an rubuta volt 19.5 da watt 65 a jiki, amma idan ka ɗaga ta ba nauyi ko kaɗan. Ta asali tana da ɗan siririn tsinke a tsakiyar kanta wanda na'ura ke gane ta da shi. Na taɓa samun wadda na'urar ta ƙi ganewa, ta rage gudun firosesa da kanta, na yi ta zargin Windows har wani ya ara mini tasa na ga bambanci.

Malamin Makaranta:
Wannan gaskiya ne, kuma a ɗakin kwamfutarmu adafta uku suka mutu cikin zango ɗaya, duk daga wurin mutum ɗaya. Da muka mayar masa, sai ya ce laifin janaretonmu ne, alhali fanka da firinta da ke kan layi ɗaya ba abin da ya same su.

Uwar Ɗakin Madannai:
Na duba yanzu. Firosesar i5-7500T aka rubuta, kuma adaftar ba ta da sunan kowane kamfani a jikinta, sai wata takarda da ta fara ɓarewa. Mai gyara, nawa ake sayar da ta asali a wurinku, kuma ta yaya zan bambance ta kafin in biya?

Mai Gyara na Kano:
Ta asali ta hannu dubu goma sha biyu ce, Hajiya, sabuwa ta jabu dubu bakwai. Ki je da kwamfutar, a jona a gabanki, kada ki yarda da wadda aka miƙo miki a cikin leda.

Malamin Makaranta:
Mu dubu goma sha biyar muka biya kowace ɗaya, kuma su ne ukun da suka mutu.