Neman kalmar Hausa: me za mu kira “bilidin” a injin gas da famfon gida?

Mai buɗe zance, daga Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu sana'a da masana harshe a kan wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato “bilidin”, wadda bakanikai suke faɗa idan iska ta shiga hanyar mai a injin gas, wato dizal, kuma ana son a raba shi da ita. Ni ɗan kasuwa ne, amma ina riƙe da tsohuwar Mercedes 240D da na gada daga mahaifina, cikin samfurin W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, kuma yawancin ƙananan gyare-gyarenta da hannuna nake yi a ƙofar gida ranar Lahadi.

A watan jiya ƙanena ya ari motar, gas ya ƙare masa a tsakiyar gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma duk wanda ya san Legas ya san ba wurin tsayawa ba ne. Ya samo gas a jarka ya zuba, mota ta ƙi tashi, ya yi ta murza makulli har batir ya fara sanyi. Da ya kira ni na ce masa ya yi bilidin, sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, me zan taɓa?” Ya yi makaranta, ya san cewa a Turanci kalmar zubar jini take nufi, amma wannan sanin bai nuna masa noti ko guda ba. Sai da na kwashe minti kusan 20 ina kwatance a waya kafin ya gane cewa iska ce ta tare wa mai hanya.

Ga yadda abin yake, domin wanda bai saba da irin wannan inji ba. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi kamar na fetur. Yana matse iska ne a cikin silinda, a irin nawa kusan ninki 21, har ta yi zafin da idan nozul ya fesa gas a cikinta sai ya kama da kansa, kuma wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897 a birnin Augsburg na Jamus. To, nozul ba ya buɗewa sai an turo masa mai da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar mota kusan sau 50. Mai ba ya matsuwa, don haka duk turin da famfon injekta ya yi yana isa nozul. Iska kuwa matsuwa take yi kamar soso, famfo ya tura ta lotsa, ya saki ta dawo, ƙarfin ya ƙare a hanya. Wannan matsalar ce dai nake gani a gida idan an daɗe ba wuta, tankin sama ya ƙafe: ko an sake cika shi, sai ka buɗe famfon banɗaki ka ji yana tari ba ruwa. Ina son kalmar da idan na faɗa wa ƙanena ko uwargida, za ta nuna musu aikin tun kafin in fara bayani.

Tsohon bakanike, daga Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi shekaru ina kwancewa da ɗaura injin Marsandi 911, wadda a kanta aka gina yawancin manyan motocin hayar garin nan da ake kira molue, kuma ina shaida maka cewa cutar tana da sunanta tun tuni. Mu cewa muke yi mota ta sha iska, kuma ban taɓa ganin yaron gareji da bai gane wannan ba. Maganin ne muke kira bilidin, ni kuma ban ga laifinsa ba, tunda sifana da birki da kuloci duk aro ne kuma ba wanda ya ce a kore su.

Amma tunda da hannunka kake gyara, bari in tsara maka aikin yadda ya kamata, wataƙila masu neman kalma su samu abin kamawa. Kafin komai ka nemi inda iskar ta shiga, domin ba kullum ƙarewar mai ke jawo ta ba. Tiyon roba da ya tsufa ya tsattsage yana zuƙo ta, haka ma washa da ta saki a kan filta, har ma shi kansa famfon hannu idan ya fara yoyo. Idan ka canja filta, ka cika sabuwar da gas mai tsabta kafin ka ɗaura. Daga nan ka sassauta notin da ke kan filta, ka warware kan famfon hannu da ke jikin injekta, ka riƙa ja kana dannawa. Da farko kumfa za ka gani, kuma ba za ka ɗaure notin ba sai kumfa ta ƙare mai zalla ya biyo baya. Idan duk da haka ta ƙi tashi, ka ɗauki sifana mai lamba 17 ka sassauta notin bututun ƙarfe a kan kowane nozul kamar rabin murɗa, wani ya murza makulli na daƙiƙa 10 zuwa 15 ya huta, don kada kik, wato na'urar da ke tayar da injin, ya ƙone, har ka ga mai yana tsartuwa, sannan ka ɗaure. Ka rufa tsumma a wurin, kuma ina roƙonka kada ka kai yatsa ka ce za ka ji ko mai na fitowa, domin man da ya fito da irin wannan ƙarfi yana iya huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni ne na zuwa asibiti nan take.

Malamar Hausa, daga Obalende:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan aro gaskiya ce. Hausa ba ta taɓa ƙyamar baƙuwar kalma ba, ga littafi da alƙalami daga Larabci, ga agogo da ashana daga maƙwabtanmu Yarabawa da muke zaune a ƙasarsu, shi kansa famfo daga Turanci ya zo. Sai dai idan aka lura, sunayen abubuwa ne muka fi ara, domin abu ana nuna shi da hannu a ce ga shi, sunan ya zauna. Aiki kuwa ba a ɗaga shi a nuna, kalmar ce take ɗauke da hotonsa, shi ya sa “yi bilidin” take barin mai koyo cikin duhu, ba ta gaya masa me zai fita ba, ba ta gaya masa yaushe zai tsaya ba.

Akwai kalmomi biyu da na san za su fara zuwa bakin mutane, kuma ina ganin a ajiye su tun yanzu. “Fitar iska” duk wanda ya yi karatun tsarki ya san ta a cikin abubuwan da ke karya alwala, ba za a faɗe ta a gareji ba tare da hankalin yara ya tafi wani wuri ba. “Korar iska” kuma ta fi kusa da yadda aikin yake, tunda mai ne ake turawa ya koro ta, amma kunnen Bahaushe yana jin ta sai ya tafi ga iskoki da masu ruƙiyya. Ni abin da nake kawowa shi ne “sakiya”. Idan kumburi ya tara ruwa, ana buɗe masa 'yar ƙofa abin da bai kamata ya zauna ba ya fita, sannan wurin ya rufe. Ina jin wannan ne ma hoton da Bature ya gani da ya kira aikin da sunan zubar jini.

Mai gyaran famfo, daga Mile 12:

Hajiya, ina da ƙarin bayani daga ɓangarenmu, domin a gida aiki biyu ne mutane suke haɗawa wuri guda. Na farko shi ne wanda Alhaji ya faɗa, iska ta maƙale a inda bututu ya yi tudu tsakanin tanki da famfo, kuma ruwan da ke gangarowa da nauyinsa kawai ba shi da ƙarfin ture ta. Wani lokaci buɗe dukkan famfunan gida ya isa, wani lokaci kuma sai an haɗa tiyo daga famfon da ke da ƙarfi an tura ruwa ta baya har iskar ta koma tanki. Wannan ni “gyatsa” nake ce masa idan ina yi wa masu gida bayani, saboda ƙarar da bututun yake yi.

Na biyu daban ne. Injin jan ruwa da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya jan iska ko kaɗan, sai cikinsa da bututunsa sun cika da ruwa kafin ya kama. Idan bawul ɗin da ke ƙarshen bututu a cikin rijiya ya lalace, ruwan sai ya sulale ya koma, da safe a kunna inji ya yi ta juyi a banza, idan aka bar shi haka kuma sil ɗinsa ya ƙone. A nan buɗe notin sama ake yi a zuba ruwa da kofi ko mazurari har ya tumbatsa. Wannan kam sunansa “ɗura”, kamar yadda ake yi wa jariri ko dabbar da ta ƙi sha, kuma ban ga dalilin nemo masa wani suna ba. In ƙara da cewa irin wannan inji ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 komai ɗurar da aka yi masa, shi ya sa burtsatse mai zurfi sai sumo, wanda ake zurawa cikin ruwan.

Direban tanka, daga Apapa:

Ni a ruga na tashi kafin in kama tuƙi. Duk lokacin da na tsuguna ina danna famfon hannun nan ina kallon abin da ke fita ta noti, tatsa nake tunawa, domin hannu ɗaya ne, haƙuri ɗaya ne, kuma ba a tashi sai an ga ƙarshe. Ina ba da shawarar “tatsar iska”.

Mai buɗe zance:

Na gode wa kowa, musamman Baba da ya ba mu aikin dalla-dalla. Na kwana biyu ina juya kalmomin nan, ga kuma inda na tsaya.

A kan cutar babu sauran magana, “shan iska” tana nan da ranta a bakin masu sana'a, kuma ta dace da mota da janareto da injin niƙa da famfon gida baki ɗaya. “Ɗura” ma na karɓe ta hannu bibbiyu domin injin jan ruwa, har ina ganin ta dace da cika sabuwar filta da gas kafin a ɗaura ta.

“Sakiya” ta burge ni ƙwarai, Hajiya, kuma ita ce ta fi daɗin ji a cikinsu, amma tsoro ɗaya ya hana ni bin ta. Sakiya huda ce, kuma wanda bai san aikin ba, irin ƙanena a kan gada, idan aka ce ya yi wa mota sakiya yana iya neman abin da zai huda tiyo da shi, alhali duk aikin sassauta noti ne da mayar da shi. Ga shi kuma abin da sakiya take fitarwa ruwa ne, har muna da karin maganar sakiyar da ba ruwa, mu kuwa a nan ruwan muke son ya zauna. “Gyatsa” ta kama ƙarar daidai, sai dai gyatsa ciki ne yake yin ta da kansa, ba ta nuna abin da hannun mai gyara zai yi, kuma a injin gas ba a jin wata ƙara, kumfa ake kallo.

“Tatsar iska” ce ta cika mini sharuɗɗan da nake nema. Ta ambaci abin da zai fita, ta nuna cewa da hannu ake yi a hankali kuma a maimaita, sannan tana juyuwa a baki yadda aikatau na Hausa yake juyuwa: na tatse iskar, a tatse mata iska, ba ta tatsu ba tukuna. Na san za a ce abin da ake tatsa abin so ne, kamar nono, iska kuwa abin ƙi ce. Amsata ita ce muna cewa a tatse maruru, a tatse mugunya, kuma “tatse” tana ɗauke da ma'anar a fitar har ƙarshe kada a bar saura, wanda shi ne ainihin inda masu koyo suke kuskure, suna ɗaure noti alhali kumfa ba ta ƙare ba. Daga gare ta kuma sauran sunaye suna fitowa ba wahala, famfon hannu ya zama famfon tatsa, notin kan filta ya zama notin tatsa. Har birki ta ɗauka, domin idan ya sha iska ya yi laushi a ƙafa, mutum ɗaya ne yake taka feda ɗaya yana buɗe noti a bayan taya, kuma wannan ma tatsa ce.

Ina jan hankalin masu sababbin motoci cewa bayanin sassauta notin nozul na tsofaffin injina ne irin nawa. Tun daga 1997 aka fara sayar da ƙananan motocin gas masu bututu guda da ke tara mai ga dukkan nozul, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, kuma ƙarfin man da ke cikinsu ya ninka na tsohuwar Marsandi fiye da sau 10. Irin waɗannan ba a buɗe musu bututun ƙarfe ana murza makulli, aikinsu na wanda ya koya ne.

Ranar Lahadin da ta wuce na sayo filta a kasuwar kayan mota ta Ladipo, na kira ƙanena na ce ya ɗura mata gas ya ɗaura, sannan ya tatse iskar har kumfa ta ƙare. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai ina notin tatsar yake, na nuna masa, ya gama aikin mota ta tashi a murzawa ta biyu. Baba, ina roƙon ka gwada kalmar a kan yaran garejinka na mako biyu ko uku ka gaya mana yadda ta zauna a bakinsu, domin idan ba ta shiga gareji ba, to a nan za ta tsaya. Idan ta karɓu, kalma ta gaba da nake son mu duba ita ce “hita fulogi”, wato ƙarfen nan da yake ɗumama cikin injin gas da sanyin safiya kafin a tayar da shi.