Fumfuna ta lalata mini kayan lefe: ku da kuka taɓa fama da ita, yaya kuka yi?

Amaryar Bara, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da tarewata, gidan haya ne, ciki da falo. Tun da marka ta kankama a watan Agusta nake jin wani wari a uwar ɗaka, irin na buhun da ya jiƙe aka manta da shi. Na yi ta sa turaren wuta, ya lafa ya dawo. Jiya na janyo akwatin da ke can ƙasa jingine da bango, wallahi sai da na zauna daɓas. Jakunkuna biyu da takalman fata sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari, atamfa uku da ko ɗinki ban kai ba sun yi ɗigo-ɗigon baƙi a kan ninki. Bayan sif kuwa bangon ya yi baƙi tun daga ƙasa har wajen gwiwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanwar maigidan tana nan ta gani, ta kai wa Hajiya mahaifiyarsu cewa ba na gyara ɗaki. Ni kuwa kullum sai na share na goge. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Maman Hanifa, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba ƙazanta ba ce, danshi ne. Ni shekara uku a jere tana cin mini kaya kafin na gane.

Ki fitar da komai tsakar gida, kada ki kakkaɓe a ɗaki, don wannan garin da kike gani shi ne irinta, duk inda ya sauka ya samu laima zai tsiro. Ki rufe hanci, ki goge da burushi, ki wanke, ki baza a rana har su bushe ƙarau. Jaka da takalmi ki goge da tsumma mai ɗan ruwan khal, su sha iska a inuwa, rana mai zafi tana fasa fata. Ɗigon atamfa kuma gaskiya ba duka ke fita ba. Ni lemon tsami da gishiri nake shafawa in shanya, amma ki fara gwadawa a bakin zanen. Kada ki kuskura ki sa bilic, zai cinye kalar.

Tun da na janye sif daga bango kamar faɗin tafin hannu, na ɗora akwatuna a kan katako, na daina ƙulle kaya a leda, abin ya ragu sosai.

Abban Sadik

Ki ce wa maigidan ya samo mai fenti a shafe wajen da fentin mai. Haka na yi a shagona, ya rufe tsaf.

Malam Magini, Kano

Abban Sadik, ka yi haƙuri, amma ka jira damina mai zuwa ka gani. Fentin mai yana kulle ruwan ne a cikin bango. Zai kumbura ya yi bororo, ya ɓare, baƙin ya fito ta gefe. Shekara sama da ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin fenti ya yi maganin bangon da yake shan ruwa ba.

'Yata, tunda kika ce daga ƙasa ya faro ya tsaya a gwiwa, ina kyautata zaton ƙasa bangon yake tsotsa. Bulo kamar soso yake. Shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin a ɗora gini, abin da muke kira DPC. Masu ginin haya da yawa tsallake ta suke yi don a rage kuɗi, mai haya ya zo ya kwashi wahalar.

Ga gwajin da nake yi kafin in fasa wa mutum bango. A yanko leda kamar girman faranti, a manna a wajen da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin ginin yake. In ta waje ta jiƙe, iskar ɗakin ce ta yi laima, sai a nemi hanyar shigar iska. Kuma ba kowane fari ba ne fumfuna. Akwai gishirin da ruwa ke fitarwa daga siminti, in ka murza shi yana da tsakuwa-tsakuwa, in ka zuba ruwa ya narke. Shi ba ya wari, amma shaida ce cewa ruwa na ratsa bangon.

Sannan a zagaya bayan ɗakin lokacin da ake tsuga ruwa, ba bayan an ɗauke ba. Ina ruwan kwano yake zuba? Kwata ta toshe? Ƙasar waje ta fi daɓen ɗakin tudu? Akwai banɗaki a ɗaya gefen? Iyayenmu da suke ginin ƙasa sun fi mu kula da wannan: kafin ruwan farko an yi yaɓe, an gyara indararo ya riƙa cilla ruwa nesa da gindin katanga. Mu muka samu siminti muka ɗauka ya fi ƙarfin ruwa.

Ya Falmata, Maiduguri

Mu ambaliya ce ta koya mana. Da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya kwana da kwanaki a gidanmu. Da muka koma, layin da ruwan ya tsaya yana nan a bango kamar an ja da alli, ƙasansa duk ya yi kore da baƙi. Katifa na yi ta juyawa a rana fiye da mako, sama ta bushe, amma in ka danna hanci warin na nan. Na ƙi yarda in jefar saboda tsadarta. Ƙaramin ɗana da ke kwana a kai ya kama tari da dare, ƙirjinsa na kuka kamar usur. Sai da muka fitar da katifar da kafet da kushin ɗin kujeru ya samu sauƙi. Abin da soso ne a cikinsa, in ya sha ruwa ya kwana biyu bai bushe ba, da wuya ya dawo.

Abu ɗaya nake roƙon kowa. Ranar wankin banɗaki na zuba bilic, na ƙara da ruwan wanke masai a kai don ya fi ƙarfi. Nan take wani tururi ya tashi, idona ya rufe da hawaye, maƙogwaro kamar an shaƙe ni. Da rarrafe na fito. Kada wanda ya haɗa su.

Sista Mai Jinya

Allah ya tsare gaba, Ya Falmata. Iskar kulorin ce kika shaƙa, tana iya kisa a rufaffen wuri. Bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwa, har da khal ɗin da Maman Hanifa ta ambata, kowanne ranarsa daban. Awon shi ne kofi ɗaya na bilic a ruwa kamar lita 4, ba fiye ba. A buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a fara cuɗe bangon da omo, sannan a bar shi ya bushe sosai. Mai asma ko mai ciki su bar wa wani aikin.

A damina muna yawan ganin yara da atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da tashin asma, in ka bincika sai ka ji ɗakin kwanansu na da danshi. Ku duba sito ma. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna iya ɗauke da gubar afalatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita ko a ba kaji.

Ɗalibi a Ingila

Nan abin a lokacin sanyi yake zuwa. Ana rufe ko'ina, ga tururin girki da wanka da kayan da aka shanya a ɗaki, da safe sai ka ga gilashin taga yana zubar da ruwa, kusurwoyi sun yi baƙi. Yanzu kullum da safe ina goge tagar, in buɗe ta minti goma ko ana sanyi. Kuma ba wasa suke da ita ba tun bayan rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, a Rochdale a Disamban 2020. Bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta jawo masa ciwon numfashi, har aka yi doka da sunansa mai tilasta wa masu gidajen hayar jama'a gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Anti, ku ɗauki hoto ku aika wa mai gidan a rubuce.

Hajiya Inna, Maraɗi

Mu nan hunhuna muke ce mata. Tun muna yara, duk ranar da rana ta fito a tsakiyar damina, uwayenmu sai sun fiddo adaka da tabarmi da zannuwan ajiya sun baza. Ku 'yan yanzu kuna rufe taga da labule biyu dare da rana, iska ta bi ta ina?

Zancen surukarki kuwa, ɗiyata, kada ki yi musu da ƙanwar miji. Ki sa shi da kansa ya kawo mahaifiyarsa, ya janye sif ɗin a gabanta, ta dafa bangon da hannunta. Babbar mace ce, ta san sanyin bangon da ke shan ruwa.

Amaryar Bara, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Magini, mun yi yadda ka ce. Ledar ta jiƙe ta ciki. Daren jiya da ake ruwa maigidan ya zagaya da tocila, ashe bututun da ke sauko da ruwan kwano ya tsage, yana kwarara a gindin bangonmu daidai bayan sif. Ya ɗauki bidiyo ya tura wa mai gida, ya ce zai turo mai gyara ranar Asabar. Mun mayar da katifa falo kafin nan. Atamfa biyu sun fita, ɗaya ta ƙi. Hajiya ta zo da yamma, ta taɓa bangon, ta ce a kai akwatunan ɗakinta har a gama gyara.

Baba, bayan an gyara bututun, kwana nawa za mu jira bangon ya bushe kafin a yi sabon fenti?