Kaina ya toshe, zane ya ƙi fitowa

Mai_Zane_Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Kwanan nan in na zauna gaban takarda sai kaina ya toshe, wallahi ko layi guda na kirki ba ya fita. Ku ya kuke yi?

Baduku: Ƙanena aje wayar nan ka shiga Birni, tsofuwar unguwar nan ta Damagaram, da ƙafa, ka duba adon da magina suka zana bisa bangon tsofaffin gidaje wajen fadar Sarki, kwafi ko guda ne hannu zai saki.

Yar_Damagaram: Ko ka je Kasuwar Dole ran Alhamis ka zana mutane, raƙuma, komi. Dukawa ai ba sa jiran ilhama, kullum suna kan fata.

Dan_Mirya: Zafi ne kawai malam da ɗauke kuran (wutar lantarki) 😂 yi zanenka bayan asuba.

Mai_Zane_Zango: Na gode Yaya, gobe sai Birni in sha Allah.