Musayar Waƙa: Kek Ɗin da Aka Auna da Wata

Baban Zainab:

Bismillahi, 'yan zaure, ku ara mini kunnuwa,
Gidan kek na Chattanooga nake son yabawa.
A Tennessee ta Amurka, 1902 aka yi kafawa,
Ɗan reshe ne na injin da ke niƙan fulawa.
Rarar gari ta taru, aka ce a kai ta gasawa.
Yaya Mai Alkaki, kin san kek ɗinsu MoonPie, zo ki yi ɗorawa.

Mai Alkaki:

Na karɓa, ƙanena, ga tawa, ku saurare ta.
1917 ce shekarar da kek ɗin ya fita.
Earl Mitchell, mai tallan gidan, jihar Kentucky ya ratsa ta,
Ya iske mahaƙan kwal, baƙar ƙura a fuska da fata.
Ya ce, me kuke so ku ci in lokacin hutu ya kusanta?
Ɗaya ya ce, abin da zai riƙe ciki har yunwa ta kwanta.
To girmansa fa? Ya ɗaga hannu biyu ya kewaye wata.
Haka gidan ke ba da labarin, har yau suna maimaita.
Biskit biyu, alewa mai laushi a tsakani an shimfiɗa ta,
Aka lulluɓe da cakulan, senti 5 a lokacin ake biyan ta.

Autan Zaure:

Inna, mahaƙin nan ya tsaya mini a rai, bari in yi tasa.
Sunan mai talla ya zauna, an rubuta, an adana masa,
Shi mai ɗaga hannun, labarin bai ɗauko sunansa.
Ya wuni a cikin rami, duhu sama, duhu ƙasa,
Da ya fito sai wata ya kalla, ya auna yunwarsa.
Shi nake wa waƙa, shi da kwanon abincinsa,
Da leburan da MoonPie da lemon kwalba RC Cola ke hannunsa,
Senti 10 duka biyun a wancan zamani, ya ci, ya koma bakin aikinsa.

Baban Zainab:

Auta, ka faɗi gaskiya, amma watansa ba ya faɗuwa.
A Yaƙin Duniya na Biyu har sojoji aka yi ta aika wa.
A Mobile ta Alabama, ranar bikin Mardi Gras, ana ta jefawa,
Daga motocin fareti, yara na tsalle suna cafewa.
Tun 2008, daren sabuwar shekara, ƙaton MoonPie ke haskawa,
Jama'a sun ɗaga kai sama kamar mahaƙin, suna dubawa.