Giwa ta tsufa ko hutawa take? Musayar baitoci daga Ikeja zuwa Agege

Mai gyaran waya, Computer Village, Ikeja

Salamu alaikum 'yan majalisa. Ruwa ya hana kasuwa ci tun safe, sai na ce bari in tsokano Baba na Agege, mai cewa har gobe Amurka ba ta da ta biyu wajen ƙirƙira. Amsa-amonmu "ya" ne.

Da sunan Allah zan fara,
Mai mulkin sama da duniya.

Ina nan Ikeja kan benci,
Abincina gyaran waya.

In na kwance goma a tebur,
Ta Amurka da ƙyar ka ga ɗaya.

Ita ma ɗayar, a Sin aka haɗa ta,
Ga rubutu nan, juya baya.

Tecno da Itel da Infinix,
'Yan Shenzhen ta Sin ne, uwarsu ɗaya.

Sun ba mu layi biyu a jaka,
Da batir mai kaiwa safiya.

Baba, giwarka ta tsufa,
Ko hutu take, ina tambaya?

Baba na Agege, tsohon malamin makaranta

Ɗana, bari saurin guɗa,
Tsohon zaki ba ya zama akuya.

Wa ya taka wata a 1969,
Lokacin Sin na cikin wuya?

Taransisto tun 1947,
Shi ne ran kowace waya.

A Bell Labs, ɗakin binciken Amurka, aka haife shi,
Je ka bincika, ban yi ƙarya.

Kunna Tecnon taka ka duba,
Android na Google ke jan igiya.

Jiki na Sin, ruhi na Amurka,
Gyara bencinka ka sake shirya.

Hajiya mai kayan sola, Alaba

Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni zan tsoma baki.

Kowa ya tuna bara, in ji Hausawa,
Banarsa ba ta zo da moriya.

Farantin sola nake sayarwa,
Asalinsa Amurka, gaskiya.

1954 suka fito da shi,
Yau ina yake? Ya canza hanya.

Fiye da kashi 80 cikin ɗari,
Sin ke ƙera wa duniya.

Kura ce ta sha bugu, Baba,
Gardi ya kwashe dukiya.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta a 1990,
Kashi 37 Amurka ke yi lafiya.

Zuwa 2020 sun dawo 12,
Sun kai masana'antu Asiya.

Arhar lebura suka bi,
Suka riƙe zane da takarda ɗaya.

To mai zama bakin zugazugi,
Shi ke sanin halin ƙarfe da wuya.

Yau ya yi kwafi, gobe ya gyara,
Jibi ya zo da sabuwar hanya.

A 2019 rajistar ƙirƙira ta duniya,
Sin ta wuce, Amurka na baya.

Da ba su ji zafi ba, Baba,
Me ya kai su buɗe asusun ajiya?

Dala biliyan 52 a 2022,
Don masana'antu su juyo baya.

Har TSMC, maƙerar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Taiwan, suka jawo,
Ta kafa a Arizona, ba kunya.

Mai gyaran waya

Hajiya, kin gama min aiki. Ga ƙari kaɗan:

Janairun 2025 DeepSeek, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Sin, ta fito,
Kasuwar hannun jari ta ruɗe gaba ɗaya.

Kusan dala biliyan 600 a yini guda,
Darajar Nvidia, kamfanin ƙwaƙwalwar kwamfuta na Amurka, ta zube a rijiya.

Direban tirela, Apapa

Ni ba gwanin waƙa ba ne, ina layin shiga tashar jirgin ruwa tun jiya, amma maganar Hajiya ta taɓa ni.

Kuna ta awon giwar wasu,
Namu gidan wa zai waiwaya?

Ni ɗan Kakuri ne, Kaduna,
Masaƙa ta raine ni, ba ƙarya.

Tun 1957 injin ke kuka,
Audugar Funtuwa na cika hanya.

Mahaifina jiniya ke tashinsa,
Ya fita aiki da murna a zuciya.

Yau ciyawa ta cinye ƙofar,
Makanikan sun koma acaɓa da talla da wuya.

Ni kuma ɗansa ina dakon atamfa,
Daga jirgin Sin zuwa Kwari, ɗaya bayan ɗaya.

In na dawo da kwantena Ikko,
Iska ce ciki, ba ko tsintsiya.

Baba na Agege

Direba, Allah ya jiƙan magabata. Ka sa jikina ya yi sanyi. Hajiya kuma ban sallama ba, sai na sake shiri.

Jami'o'in Amurka na nan da ƙarfi,
Har 'ya'yan Sin na bin hanya.

Amma zancen maƙera na karɓa,
Wanda ya bar wuta ya bar ƙira baya.

Ɗana na Ikeja, gobe kana nan?
Gilashi ya fashe min a waya.

Mai gyaran waya

Ina nan, Baba, kyauta ne. Wace iri ce, in nemo gilashin kafin ka iso?

Baba na Agege

Itel ce, jikata ta saya min,
Kuma ban yarda kowa ya yi dariya.