Motar E85 da ke ƙin tashi da safe a hunturu: wa ya taɓa gani?

Direba a Miniyafolis, Amurka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata irin mai rawayan murfin tanki ce, tana shan fetur tana kuma shan E85, wato man da aka haɗa etanol da fetur. Tun bazara E85 nake zuba mata saboda araha, lafiya ƙalau. Da sanyi ya kankama sai ta tsiro da sabon hali: ka murɗa makulli inji ya yi ta juyi bai kama ba, in ya kama ya riƙa karkarwa, ka taka totur ta shaƙe. Da ta ɗumama kuwa kamar ba ita ba. Na sa sabon batir, ba ta sauya zani ba. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Hajiya daga Ayowa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma ta yi mini haka bara, kuma laifin man ne. Motar ta daɗe a ajiye, man da ke cikinta tun na watan Satumba ne. E85 suna ne kawai, a Amurka abin da aka yarda shi ne etanol kashi 51 zuwa 83, kuma da hunturu sukan rage shi su ƙara fetur, domin etanol ba ya tururi da wuri in ya yi sanyi, inji kuwa tururin yake kamawa. Na cika rabin tankin da fetur zalla, washegari bugu ɗaya ta tashi. Ka buɗe littafin motarka ma, nawa ya ce kada a dogara da E85 in sanyi ya wuce digiri 18 ƙasa da sifili, wato 0 a ma'aunin Amurkawa.

Bakanike a Kolombos: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma Malam kada ka sake sayen komai tukuna. Ka sa a saka mata kwamfuta a karanto lamba ɗaya: kashi nawa na etanol motar ke zaton yana tankinta. A nan yawancin matsalar take ɓuya. Wasu motocin suna da na'ura a kan bututun mai da ke auna etanol kai tsaye, in ta lalace za ka ga kwamfuta ta nuna lambar matsala P0178 ko P0179. Wasu da yawa ba su da ita, lissafi suke yi: in sun ga mai ya ƙaru a tanki, sai su saurari na'urar iskar salansa su ƙiyasta. To ka zuba mai, ka tuƙa minti biyu zuwa gida, ka kashe, lissafin bai ƙare ba. Da asuba ta tashi da tsohuwar lamba.

Fetur yana son iska kusan kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai, E85 kuwa wajen 9.8, don haka kuskuren ba ƙarami ba ne. An taɓa kawo mini wata da tankinta E85 ne fal, kwamfutarta na nuna kashi goma sha wani abu. Mai kaɗan take fesawa, ga P0171 da P0174, lambobin da ke nuna mai ya yi wa inji kaɗan, mai ita har ya sayi sabon famfon mai a banza. Akasin haka ma na gani: fetur a tanki, ita tana zaton etanol ne, fulogi sun yi baƙi ƙirin, warin ɗanyen mai ya cika gareji. Duka biyun da na'ura na mayar da lambar daidai, ban kwance ko noti ba.

In kana son sanin abin da ke tankin da gaske, akwai 'yar kwalba mai zane-zane da ake sayarwa. Ka zuba ruwa zuwa layi, ka cika da man, ka girgiza, ka ajiye. Etanol zai bi ruwa ya kwanta ƙasa, fetur ya taso sama, ka karanta.

Direba a Miniyafolis: Ikon Allah. Gidan man da nake zuwa a bakin layinmu yake, kuma da daddare nake shan mai in na tashi aiki.

Bakanike a Kolombos: To ka gani. Wasu littattafan sun ce kada ka zuba ƙasa da galan 3, kuma ka yi tafiyar aƙalla mil 7 nan take. Ka leƙa murfin baƙin mai ma. Masu gajeren zango a sanyi, etanol da danshi sukan taru a ciki, ka ga wani farin kumfa kamar kindirmo.

Ɗan Maraɗi a Liyon: Mu a Faransa yawanci wani ɗan akwatin lantarki ake ɗaura wa motar fetur don ta sha E85, doka ta ba da dama tun ƙarshen 2017. Tawa sai an buga sau biyu da safe in sanyi ya kusa sifili. Sababbin fulogi suka rage mini abin sosai, tsofaffin ba sa nuna gajiyarsu da fetur, etanol ne ke tona su. Mutanen Barazil, da suka fara irin waɗannan motoci a 2003 kuma suke zuba etanol kusan zalla, ɗan ƙaramin tankin fetur suka riƙa sawa a gaban mota don tashin safe kawai, daga baya suka koma ɗumama man kafin a fesa shi.

Alhaji daga Kano: Ku gafarce ni, na sayi irinta 'yar Kwatano, ita ma da sanyin hunturu tana wahalar tashi. Abin nan ne?

Bakanike a Kolombos: Ranka ya daɗe, gidajen man gida ba sa sayar da E85, kuma sanyin Kano bai kai nan ba. Amma in ta zo daga Amurka da lambar etanol a sama ba ta sauko ba, za ta riƙa shan mai fiye da kima tana baƙin hayaƙi. A duba lambar, sannan batir da fulogi.