Fenti a kan katakon riƙo na matakala mai banish

Tambaya daga Mabera, Sakkwato: Salamu alaikum. Katakon da ake riƙewa a matakalar bene yana da banish. Za a iya shafa masa fenti haka nan?

Kafinta: Wa alaikumus salam, Alhaji. A'a, banish na da santsi, fentin ɓarewa zai yi. A wanke maiƙon hannu da ruwan omo, in ya bushe a goge da sanfefa lamba 120, sannan 180, har ƙyallin ya mutu. Ba sai an kai ga ainihin katakon ba.

Mai fenti, Gawon Nama: Sai firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, shafi ɗaya, fentin mai shafi biyu marasa kauri, awa 24 tsakani. In ya yi kauri, ɗiga yake ta ƙasan katakon.

Kafinta: Da hunturu ƙurar Sakkwato na manne wa ɗanyen fenti. A yayyafa ruwa a ƙasa, a buɗe tagar da iska ba ya shigowa saboda warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi.